Yadda Ake Gyaran Giya da Moton Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Aiki da Lantarki

Tun ranar da na shimfiɗa ɗan dogo a kan tebur a ƙofar shago, jirgi yana zagaye da taragai uku, ban huta da tambaya ba. Wannan ya ce nasa kuka yake yi ba ya motsi, wancan ya ce nasa yana tafiya yana ƙas-ƙas kamar agogon bango, wani kuma ya zo da nasa a leda an riga an kwance shi ɗai-ɗai, sifirin guda ya ɓata. Yawancinsu daga dilar gwanjo suka fito a kasuwar Sabon Gari, wasu kuma tsarabar iyaye ce da suka yi karatu a Ingila, ta shekara da shekaru a ƙasan akwati. Zariya, garin da dogo ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kano ɗaya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ba abin mamaki ba ne a sami masu son jirgi a cikinsa.

Mafi yawan jiragen da ake kawo mini da sunan moto ya ƙone, moton lafiyarsa ƙalau. Cutar tana wajen giya (ta inji nake nufi, kada wani ya kai ƙarata wajen liman), ko busasshen giris, ko datti. Saboda haka aikin daga waje ake faro shi a shiga ciki, daga mai araha zuwa mai tsada. Kada ka tsallake mataki.

Kayan aiki da abin da za su ci

Ka tanadi ƙananan sukundirebobi irin na masu gyaran waya, matsefata, ɗan filaya mai dogon baki, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, audugar goge kunne, batir mai bolt 9, ƙarfen soda da dalma, mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, da ma'aunin kauri da makanikai ke kira baniya. Ƙara da sipirit na kemis, man keken ɗinki, da ɗan giris da ba ya cin roba. Sai farin ƙyalle da za ka shimfiɗa, da kiret ɗin ƙwai na zuba sukurori, kowane mataki da raminsa.

Ba zan sa farashi da naira ba, don kafin ka je kasuwa dala ta motsa. Amma ga yadda nauyin yake. Tsinke, buroshi, auduga da ƙyalle suna gidanka. Sipirit, mai da batir gaba ɗaya ba su kai kuɗin cefanen yini ba. Mita da baniya su ne masu taɓa aljihu, kuma in jirgi ɗaya gare ka, ara za ka yi wajen mai gyaran rediyo ko makanike. Abin da ya fi komai tsada shi ne odar giya daga waje: ita giyar ba ta kai ƙwayar wake ba, kuɗinta kaɗan ne, amma kuɗin aiko ta sai ya ninka nata sau da yawa, ga jiran makonni. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan gyaran tsohuwa.

1. Gane irin jirgin kafin ka ba shi wuta

Kifa shi ka karanta sunan da ke ƙasa. Hornby da Tri-ang na Ingila ne, Lima na Italiya, Athearn da Life-Like na Amurka, Märklin na Jamus, Bachmann kuma ana samunsa na kasuwar Amurka da na Ingila. Auna tsakanin layukan dogon: milimita 16.5 shi ne girman HO ko OO, milimita 9 shi ne N. Kusan dukkansu wutar DC suke ci, irin ta batir, har zuwa bolt 12.

Wanda ya fita daban shi ne Märklin na HO. In ka ga wani dogon ƙarfe mai santsi kamar takalmi a tsakiyar cikinsa, wannan wutar AC yake ci, kuma daga tsakiyar dogo yake ɗaukarta. Ƙafafunsa na dama da na hagu a haɗe suke, kana ɗora shi a dogon Hornby wutar za ta haɗe.

*Gargaɗi:* duba rubutun da ke jikin kwantirola, wato akwatin da ke ba dogo wuta, kafin ka soka ta a bango. Ta Amurka bolt 110 zuwa 120 take ci, wutarmu kuwa 230 ce. Ni da kaina na yi wannan ganganci a farkon shigata harkar: na lanƙwasa bakin fulogi da filaya na tura a soket, ko ƙirga uku ban yi ba ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Ta Ingila ba ta da wannan matsalar. Ta Amurka sai da taransifoma mai rage wuta.

2. Saurari cutar

Kwantar da jirgin rigingine a kan soso. Goge ƙafafunsa da auduga da sipirit har baƙin ya daina fita, sannan ka taɓa bakin batir mai bolt 9 a ƙafafun da ke ɗaukar wuta, baki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ka kasa kunne.

In moto yana gudu fiii amma ƙafafu ba sa juyawa, giya ce ta cinye ko ta kwance daga sandarta. In ƙafafu suna juyawa amma duk zagaye ɗaya sai ka ji ƙas, wani lokaci har jirgin ya ɗan ɗingisa, giya ce ta tsage. In ya yi gurnani bai juya ba, wani abu ya riƙe shi, galibi busasshen giris. In yana ƙara mai tsini kamar ɓera, bushin moto ne, wato zoben da sandarsa ke juyawa a ciki, ya bushe. In kuwa shiru ne kamar an yi ruwa an ɗauke, wuta ce ba ta isa moto ba, ko gawayin ciki, wato 'yan guntayen kabon biyu da ke shigar da wuta cikin moto, ya ƙare.

*Gargaɗi:* wanda yake gurnani ba ya juyawa, ɗauke batir nan take. Moton da aka ba wuta alhali a riƙe yake, cikin ɗan lokaci koyil ɗinsa zai gasu. Nan ne mutane suke ƙona moto mai lafiya da hannunsu, suna murɗa kwantirola har ƙarshe wai ko zai tashi.

3. Cire gangar jiki

Wasu da sukuru ɗaya ko biyu aka ɗaure su, wasu kuma 'yan ƙugiyoyin roba ne a gefe. Masu ƙugiya, yanka tsohon katin ATM gida huɗu, ka cusa tsakanin jiki da firam a kowace ƙugiya, sai jikin ya zame sama da kansa. Kada ka ɓanɓare da sukundireba, tsohuwar roba ba ta da haƙuri. Kafin ka taɓa komai a ciki, ɗauki hoto da wayarka, kuma duk abin da ka cire ka sake ɗauka.

*Gargaɗi:* kashe fanka, rufe taga. Sifirin ɗin gawayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya yi tsalle a ɗakin da ke da kafet sai dai ka yi masa addu'a. Ni cikin babbar farar leda nake zura hannuwana in zan cire shi.

4. Raba moto da giya

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ɗaga moton daga kan giyoyin, ko ka zare giya ɗaya da ke tsakaninsu. Yanzu kana da abu biyu, ka tuhumi kowanne shi kaɗai.

Mirgina firam ɗin a kan dogo da yatsa. Ya kamata ya tafi sumul. In ya cije a wuri ɗaya duk zagaye, laifin giya ne. Sannan ka taɓa batir kai tsaye a ƙafafun moton guda biyu. In ya tashi nan da nan gaba da baya, ba tartsatsi mai yawa, ba zafi, to ka wanke shi daga zargi, mataki na 9 zuwa na 11 ba naka ba ne.

*Gargaɗi:* in ka ga ɗan fanel mai wayoyi kala-kala a kan moton, jirgin dijital ne. Cire wayoyin moton daga fanel ɗin kafin ka sa batir, in ba haka ba fanel ɗin ne zai tafi.

*Gargaɗi na biyu:* yawancin jiragen nan a bakin motonsu akwai giya mai zare kamar na sukuru, tana kwance a kan wata mai haƙora. Irin wannan haɗin moto ne ke juya ƙafa, ƙafa ba ta juya moto. Ɗan maƙwabcina ya taɓa kawo mini nasa, ya ce, "Kawu, da aka ɗauke wuta sai na riƙa tura shi." Na ce, "Ɗana, da ƙarfi?" Ya sunkuyar da kai. Da na buɗe, haƙora huɗu a jere sun kwanta kamar an bi ta kansu da dutsen guga. Muddin moto yana zaune a wurinsa, ba a tura jirgi da hannu.

5. Wanke tsohon giris

Giris ɗin da ya shekara talatin a akwati yakan daskare ya koma kamar ƙaro, ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da shi sai ya zama samfefa mai cin haƙora. Zare giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka jera su a kan ƙyalle yadda suka fito, har da fuskar da kowace ke kallo. Jiƙa su a sipirit, ka bi da buroshi, ka sakace tsakanin haƙora da tsinke. Duba sandunan ƙafafu, za ka tarar da gashi da zaren kafet sun naɗe, cire su da matsefata. Jirage da yawa a nan aikinsu yake ƙarewa.

*Gargaɗi:* ban da fetur, ban da tina, ban da man birki. Suna narkar da roba ko su sa ta farfashe. Wasu masu gyaran waya da tina suke wanke fanel, don haka in za ka karɓi ruwan wanki a wajensu ka shinshina tukuna. Shi kansa sipirit kada ya taɓa fentin jiki, yana ɗauke rubutu.

6. Nemo tsagar

Giyar roba da aka matsa a kan sandar ƙarfe, da tafiyar shekaru robar takan tsuke, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake, sai ta tsage daga rami zuwa bakin haƙora. Tsagar takan buɗa tsakanin haƙora biyu fiye da sauran, shi ne ƙas ɗin da kake ji. Da ido zalla ba lallai ka gan ta ba. Haska tocila ta baya, ka zuƙo hoton da kyamarar waya, ko ka bi da farce. Wata hanyar: riƙe giyar ka murɗa ƙafa a hankali, in ƙafar ta juya giyar na tsaye, ta tsage. Kuma in ka sami ɗaya, duba sauran duka, don tare aka haife su.

7. Ɗaure ta ko sauya ta

Da farko ka cire sufa gulu daga ranka. Robar giya, nailan ce ko 'yar'uwarta mai santsi, gulu ba ya kama ta. Zai riƙe na kwana biyu, ya cika tsakanin haƙora, in ya gangara cikin bushi kuma ya kashe sandar gaba ɗaya. Tsagar ba za ta rufu ba muddin sandar da ta fi ramin kauri tana ciki.

In giyar tana da wuya, wato ɗan bututun roba da ya fito a gefenta, za ta ɗauru. Ga yadda nake yi. Zare sandar ta hanyar murɗawa da ja a hankali. Wanke giyar tas, ka tabbata babu giris a cikin tsagar, ka matse ta da yatsu ka ga ta rufe ruf. Sai ka nemi tsohuwar eriyar rediyo, irin mai zuƙewa. Gaɓoɓinta bututu ne siriri, kowace gaɓa da faɗinta, da wuya ka rasa wadda ta yi daidai da wuyan giyar ko ta ɗan fi shi matsewa. Yanko zobe mai tsawon milimita 2 ko 3, ka goge bakinsa da zarto, ka danna shi a kan wuyan da bakin filaya, a miƙe. In wuya biyu ne, zobe biyu. Zoben nan shi ne zai riƙe tsagar har abada.

Saura rami. Tunda ya tsuke, sai an ɗan buɗa shi, in ba haka ba kana mayar da sanda za ta sake fasawa ta wani gefen. Wannan aikin masu gyaran agogo ne, suna da wani siririn ƙarfe mai tsini da suke buɗa rami da shi. Akwai wani dattijo mai tebur a Tudun Wada da nake kai wa. Ranar farko na ce, "Baba, ramin nan nake so a buɗa kaɗan." Ya ɗaga gilashin idonsa ya ce, "Kaɗan ɗin nawa, Malam?" Na ce kaurin gashi. Ya murza sau biyu, ya gwada sanda, ya ƙara rabin murzawa, ya miƙo mini. Sandar ta shiga da matsi amma ba da faɗa ba, kuma abin da ake so ke nan. Kuɗin goro ya karɓa.

In giyar ba ta da wuya, ko haƙoranta sun cinye sun yi tsini kamar na zarto, ko wasu sun karye, sai sauyi. Abu huɗu za ka rubuta: yawan haƙora, faɗin giyar daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori, kaurinta, da faɗin rami. Wajen ƙirga haƙora ɗiga wa na farko alama da biro, ka ƙirga sau biyu. Girman haƙori kuma, wanda masu sayarwa ke kira modul, lissafinsa mai sauƙi ne: ƙara 2 a kan yawan haƙora, ka raba faɗin giyar da abin da ka samu. Giya mai haƙora 20 da faɗin milimita 11, ka raba 11 da 22, modul ɗinta 0.5 ne. In faɗinta 8.8 ne, 0.4 ke nan. Waɗannan biyun su aka fi samu a ƙananan jirage. Giya biyu ba sa cin juna sai modul ɗinsu ɗaya, ko da a ido sun yi kama.

Kafin ka yi oda, zagaya wajen masu gyaran firinta da masu gyaran rediyo a PZ da Sabon Gari. Matattun firintoci, na'urorin DVD da tsofaffin rikodoji cike suke da giyoyin roba, kuma sau da yawa kyauta za a ce ka tsinta. Tafi da tsohuwar giyar, ka haɗa haƙoransu ka mirgina a hasken rana, in sun shiga juna ba cijewa ba rawa, ka dace. Giyoyin agogon bango haƙoransu sun yi ƙanana, kada ka wahalar da kanka. In jirginka Life-Like ne samfurin Proto 2000, waɗanda suka yi suna wajen wannan tsagar, giyar sandar Athearn tana shiga da yawa daga cikinsu. Kuma in za a yi oda, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin aikowa.

*Gargaɗi:* in firam ɗin ƙarfen da kansa ya kumbura, ya yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, yana marmashewa in ka taɓa, wannan ruɓar tutiya ce, daga gurɓataccen haɗin ƙarfe tun wajen zubi. Ba ta da magani. Kada ka kashe ko sisi a kan giya, ciri kayan da ke da amfani ka ajiye.

8. Mayar da ƙafafu a kan ma'auni

A irin na Athearn, sandar gida biyu ce, kowace ƙafa da guntunta, giyar roba ce ke haɗa su a tsakiya kuma ita ce ke hana wutar dama haɗuwa da ta hagu. In ka tura su har suka taɓa juna a ciki, wuta ta haɗe. Gwada da mita: tsakanin ƙafar dama da ta hagu kada ta yi ƙara. Sannan ka auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa. A HO da OO kusan milimita 14.5 ake so. In ya gaza ko ya wuce, jirgin zai riƙa sauka daga dogo a mararraba.

*Gargaɗi:* jirgin gawayi mai sanduna a gefen ƙafafu, kada ka zare ƙafarsa sai dole. Maƙalin sandar dama da na hagu ba a saiti ɗaya suke ba, rubu'in zagaye ne tsakaninsu, digiri 90, kuma dole kowace sanda ta zo daidai da 'yan'uwanta. In dole ne, ja layi da alƙalami a kan ƙafa da bakin sanda kafin ka raba su.

9. Gawayi, sifirin da kwamiteta

Yanzu moto. Tsofaffin Hornby da Lima da yawa motonsu faffaɗa ne kamar waina, ana ce masa Ringfield, giyoyinsa a jere a gefe. Tsofaffin Tri-ang kuma dogo ne buɗaɗɗe, X04, kana ganin amecha, wato sandar tsakiya mai ɗauke da koyil, tana juyawa. Duk biyun suna buɗuwa. Na zamani da ke cikin gwangwani a rufe, ba a cika gyara su ba, sauyawa ake yi.

Cire sifirin biyu da gawayi biyu, wanda masu gyara ke kira kabon. In gawayin ya rage bai kai rabin tsawonsa ba, ko ya jiƙe da mai ya yi laushi, ya gama aiki. Nemi gawayin injin markaɗe ko na injin huda, ka goge shi a samfefa mai laushi har ya shiga ramin yana zamewa da kansa. Aikin haƙuri ne, hannu zai yi baƙi. Bakin fensir zai tashi moto na gwaji, amma yana saurin cinyewa ya cika ko'ina da gari. Sandar cikin batirin tocila kuma ta yi tauri, tana cin tagulla.

Kwamiteta ita ce tagullar da gawayi ke gogawa, a rabe gida uku ko biyar. Goge ta da auduga da sipirit har ta yi ja. In ta yi zane, bi ta da samfefa mai lamba 1000 ko sama, sama-sama. Sai babban aikin: 'yan tsagogin da ke tsakanin tagullar. Garin gawayi da mai sukan cika su, wuta ta riƙa tsallakawa, moto ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Sakace su da tsinke har sai ka ga ƙasansu.

*Gargaɗi:* ban da allura ko reza, suna tayar da bakin tagulla ya riƙa cin gawayi. Kuma hannunka ya yi nesa da siraran wayoyin da aka liƙa a gefen kwamiteta, sun fi gashi rauni. In sifirin ɗaya ya yi zafi ya saki, sauya duka biyun. Na cikin laita ya cika ƙarfi, zai danne moton.

10. Auna koyil, gwada maganaɗisu

Sa mita a kan om, ka auna tsakanin kowane gida biyu na kwamiteta da ke maƙwabtaka. Lambar kanta ba ita ce abin dubawa ba, daidaituwarsu ake so. A moto mai gida uku, in awo ɗaya ya ninka sauran biyun, waya ta tsinke a wannan koyil ɗin, kuma sau da yawa a bakin dalma ne, ana iya mayar da ita da ƙarfen soda mai tsinin baki, taɓawa ɗaya. In awo ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, ga koyil ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. Auna kuma tsakanin tagulla da sandar amecha, nan bai kamata mita ta nuna komai ba.

In koyil lafiya amma moto yana zafi ba ƙarfi, zargi maganaɗisu. Kusanta bakin sukundireba, ya kamata ya fizge shi. Na X04 in ya mutu, ana jera ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi na zamani, masu farin ƙyalli, a gurbinsa, duk suna kallon gefe ɗaya.

*Gargaɗi:* maganaɗisun X04 mai lafiya kada ka zare shi daga tsakanin ƙarafansa don wanki. Irin na da ne, yana fita yake rasa ƙarfi, mayar da shi kuma ba ya dawo da abin da ya tafi.

11. In moton ya mutu murus

Masu naɗin koyil na fanka da famfo ba kasafai suke karɓar wannan ba, wayar ta yi musu siriri. Ga mai Ringfield akwai mafita: moton da ke tura faifai waje a tsohuwar DVD ko kwamfuta. Faffaɗa ne, yana shiga gidan Ringfield in ka cire amecha da maganaɗisu. Sandarsa yawanci milimita 2 ce, don haka auna ramin ƙaramar giyar tsohon moton, in ya fi faɗi sai an sa ɗan bututu a tsakani. Saita shi yadda haƙora za su shiga juna da ɗan sarari, kaurin takardar littafi, kafin ka kafe shi da aradait.

*Gargaɗi:* moton DVD na wajen bolt 6 ne, kwantirola kuwa tana kai 12. Ko dai ka yi alama a rabin maɓallin kada a wuce, ko mai rediyo ya jera maka diyod irin 1N4007, kowane yana rage kusan bolt 0.7, jeri biyu masu kallon saɓanin juna don jirgin ya yi gaba ya yi baya. In akwai yara a gidan, diyod ɗin za ka sa. In ka gama ka ga yana tafiya saɓanin sauran jiragenka, musanya wayoyin moton biyu.

12. Mai da giris

Tsoma bakin allura a man keken ɗinki, ɗigon da ya maƙale shi ne rabon bushi ɗaya. Ɗaya a kowane gefen sandar moto, ɗaya a kowane wurin da sandar ƙafa ke juyawa. A X04 akwai ɗan soso a kowane bushi, shi za ka ɗiga wa. Giris kuma kamar kan ashana a kan giya mai zare, da ɗan shafe a haƙoran sauran, juyawa za ta raba shi. Masu gyaran firinta suna da farin giris da ba ya cin roba, cikin murfin kwalba zai yi maka shekaru. In kana ganin mai yana ƙyalli, ya yi yawa, goge.

*Gargaɗi:* mai kada ya taɓa kwamiteta, gawayi, fuskar ƙafafu, ko zoben roba da ke jikin wasu ƙafafun, yana sa shi ya saki ya fita. Man gyaɗa da man zaitun suna daskarewa su yi danƙo. Baƙin mai na mota ya yi kauri. Basilin yana narkewa da zafin Maris da Afrilu ya gangara inda ba a aike shi ba. WD-40 kuma na kwance tsatsa ne, feshi ɗaya zai jiƙa gawayi ya mayar da kai mataki na 9.

13. Gwaji kafin rufewa

Haɗa komai ka bar gangar jiki a gefe. Goge dogo da ƙyalle da sipirit, ka saki jirgin shi kaɗai ba tarago, a rabin gudu, minti 20 zuwa 30 gaba, haka kuma baya, don sabon gawayi da giya su zauna. Duk bayan minti biyar tsayar da shi ka ɗora yatsa a kan moto. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin yatsan, giyoyi sun matsu da yawa ko tsagogin kwamiteta ba su fita ba, koma ka duba. In ƙas ɗin yana nan, akwai wata tsagaggiyar da ta ɓuya maka.

In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ko da janareta kake gwaji, sa kwantirola a bayan sitabilaiza, don kada ka ɗora wa jirgi laifin wuta. Ya wuce gwaji, mayar da jiki, ka lura kada ka datse waya tsakanin jiki da firam, sukurori kuma ka tsaya da zarar sun kama, don ramin roba ne. Daga nan ka ƙara masa tarago ɗaya-ɗaya har ka ga inda ƙafafu suka fara sulɓi, ka rage ɗaya, wannan shi ne lodinsa. In ba a wasa da shi, a sa shi a kwali mai murfi, nesa da taga da kwanon rufi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli.